Masu haɗa sabon direba da mai mota a Zariya: abin da kuɗinka ke saya da abin da ba ya saya

Tambayar farko da mai tirela ke yi wa mai neman aiki ba ta shafi lasin ba. Zai dube ka ya ce, "Yaron wa ne kai?" Yana so ya ji sunan direban da ka zauna a gefensa, da hanyar da kuka bi, da irin kayan da kuka ɗauka. Wanda ya fito daga makarantar tuƙi da takardar shaida da lasin aji G, wato na jan tirela, ba shi da amsar wannan tambaya, kuma a nan ne masu haɗa direba da mai mota suka samu abin yi. Aikinsu muka auna a wannan rubutu, kamar yadda yake gudana daga Kwangila da Ɗan Magaji har Tashar Yari a hanyar Kano.

Wani ɓangare na sana'ar bai cancanci dogon bayani ba. Saƙon da ke yawo a WhatsApp da Facebook da tambarin babban kamfani, ana cewa ana ɗaukar direbobi, a tura kuɗin fom zuwa asusun wani mutum, damfara ce. Kamfani mai ɗaruruwan motoci yana da fili, yana da ofis, yana gwada direba a kan mota kafin a yi maganar komai. Idan an nemi kuɗi tun ba ka ga motar da idonka ba, ka kama gabanka.

Makarantun tuƙi masu cewa "za mu koya maka, mu kuma samo maka aiki" suna da amfani na gaske, amma a wajen takarda. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ba ta karɓar sabon mai neman lasin sai da shaidar makarantar da ta amince da ita, daga nan sai gwajin VIO, jami'an duba motoci, sai ɗaukar hoto da zanen yatsu, a ba ka takardar wucin gadi ta kwana 60 kafin katin ya fito. Lasin haya yana buƙatar shekara 26 da takardar lafiya daga asibiti. Makaranta mai kyau takan tsaya a kan waɗannan har su kammala, ta kuma tabbatar harafin da aka buga a katin shi ne G. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai matasan da suka biya kuɗin koyon tirela, katin ya fito da aji E ko D, waɗanda ba su halatta jan mota mai kai da bodi ba, ba su lura ba sai ranar da manajan kamfani ya juya katin ya mayar musu. A Zariya akwai kuma Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya, NITT, a hanyar Basawa, wadda aka kafa a 1986, kuma kamfanoni sun san takardarta.

Inda alkawarin makarantu ke rauni shi ne motar koyon. Galibi kai ne kawai, ko kai da bodi babu kaya, ana zagaya fili. Tirela mai ɗauke da buhu 600 na siminti, tan 30 ke nan, wata halitta ce daban: tashinta daban, tsayuwarta daban, yadda bodi ke turo kai a gangara daban. Don haka kafin ka biya ƙarin kuɗin "samo aiki", ka tambayi mai makarantar abu ɗaya: wace mota ce zan bi, kuma wane direba? Idan ya ambaci gareji da sunan direban da za ka iya zuwa ka gaisa da shi, kuɗin ya halatta. Idan amsar ita ce za a sa sunanka a jerin da ake tura wa kamfanoni, to wasiƙa ka saya, kuma da kanka ma za ka iya rubuta ta.

Waɗanda suka fi iya aikin, a ganinmu, su ne 'yan kamasho da tsofaffin direbobin da suka ajiye sitiyari suna zama a gareji. Ba su da allo, ba su da rasit, kuma wannan aibi ne da za mu dawo kansa. Amma suna da abin da makaranta ba ta da shi: sun san Alhajin da ya sayo DAF ta biyu, sun san direban da yaronsa ya samu mota ya bar gurbi, sun san wanda ba ya biyan haƙƙin mutane. Abin da mai gaskiya a cikinsu zai ba ka ba makulli ba ne. Zai haɗa ka da direba a matsayin yaron mota, ko direba na biyu idan hannunka ya faɗa. Matasa da yawa na jin wannan a matsayin ci baya, musamman wanda ya kashe kuɗi a makaranta, yana ganin ya wuce a kira shi karen mota. Mu kuwa muna ganin shi ne ainihin kayan da ake sayarwa a wannan kasuwa. Wata shida zuwa shekara a gefen direba ɗaya, ana zuwa Legas ko Fatakwal ana dawowa, shi ke samar da mutumin da zai ce wa mai mota, "Alhaji, ba shi, na tsaya masa." Mai lasin da ya yi karatu yana da riba a nan: abin da yaron da ya taso a gareji ke yi shekaru kafin ya kai, shi zai iya gajarta shi, don ya riga ya iya tuƙi, yana karanta takardar kaya, kuma ana iya miƙa masa sitiyari a gaban jami'in hanya ba tare da fargaba ba.

Ranar gwaji ita ce inda ake gane ko ɗan kamashon ya shirya ka. Yawanci a cikin gareji ake yi, mai mota na zaune a benci, makanikensa na tsaye. Gwajin yana farawa tun kafin ka hau. Wanda ya karɓi makulli ya yi tsalle ya shiga kai ya riga ya faɗi, ko da bai sani ba. Ana so a ga ka ɗauki ƙarfe ka zaga motar kana bubbuga tayoyi ɗaya bayan ɗaya, har na ciki, don tayar da ke da iska takan yi ƙara mai kauri ta maido ƙarfen, wadda ta sace kuwa sai ta yi luf. Ka duba notuna goma na kowace ƙafa, inda tsatsa ta yi zane daga gindin noti alama ce ya saki. Ka zaro sandar baƙin mai, ka leƙa ruwan lagireto, ka taɓa kawunan batura biyun da ke ba motar bolt 24. Sannan ka durƙusa ka ja zoben da ke ƙarƙashin tankin iska. Idan ruwa ko baƙin mai ya feso da yawa, ka faɗa wa makaniken a take, don ruwan nan ne ke cinye bawul ɗin birki. Makanike na jin haka ya san ka taɓa kwana a ƙarƙashin mota.

Bayan ka tayar, ba a motsawa sai allurar iska ta haura wajen bar 8 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin iska). Idan ta sauka ƙasa da 6 mota za ta fara kuka, idan ta ci gaba da sauka birkin baya ya kama da kansa, ko a tsakiyar titi ne. Kashe injin, taka birki ka riƙe minti ɗaya kana kallon allurar. In tana zamewa, akwai inda iska ke fita. Sai haɗa kai da bodi. Ka sa weji a tayar bodi, ka yi baya a hankali har ka ji faifan haɗin, wanda 'yan mota ke kira tantebur, ya kama ƙusar da ke ƙarƙashin bodi da ƙara, sannan ka sa giya ta ɗaya ka ɗan ja gaba alhali birkin bodi na kame. In bai kama sosai ba a nan zai nuna, maimakon ya nuna a shataletalen Kwangila. Igiyoyin iska da za ka haɗa wa bodi biyu ne: a motocin Turai ja da rawaya, a Mack ta Amurka ja da shuɗi. Sai ka ɗage ƙafafun bodi har ƙarshe. Abu na ƙarshe shi ne ribas, a ce ka shigar da bodin tsakanin motoci biyu. Sabon hannu yana yawan murza sitiyari da yawa kuma a makare, bodin ya karye gefe. Ɗan juyi kaɗan da wuri, ido a madubi biyu, kuma ba laifi ba ne ka tsaya ka sauko ka duba. Masu mota sun fi son wanda ya sauko sau biyu a kan wanda ya fasa fitilar maƙwabci.

Ɗan kamasho nagari yakan kai ka gareji kwana ɗaya ko biyu kafin gwajin, ya roƙi wani direba ya bar ka ka saba da giyar irin motar, don wanda ya koya a MAN zai iya rikicewa a Howo. Wanda bai damu ba sai dai ya ba ka lambar waya ya ce ka ce shi ya turo ka.

Yanzu aibin. Komai da baki ake yi, kuma sabon direba, don zumuɗi, ba ya tambaya. Ladan ɗan kamasho kansa ba shi ne matsala ba. Abin da ya dace shi ne a yanka shi tun farko, a biya bayan an karɓe ka, ba kafin ba. Matsalar ita ce sharuɗɗan aikin da ba wanda ya faɗa. Albashi ne na wata, ko kaso ne a kowace tafiya? Kuɗin hanya nawa ne, kuma ya haɗa da abincin yaron mota da abin da ake kashewa a shingaye? Lita nawa ta gas ake ba wa tafiya? Tirela da kaya takan sha tsakanin lita 35 zuwa 50 a kilomita 100, gwargwadon tsufan injin da nauyi da halin hanya. Idan mai mota ya yanka maka lissafin sabuwar mota alhali tsohuwa ya ba ka, giɓin daga aljihunka zai fita. Daga nan ne mummunar ɗabi'ar sakin mota babu giya a gangara ke samo asali, wai a rage shan mai. Injin na zaman banza, ba ya riƙe motar, famfon iska na cika tanki a hankali, birki kaɗai ke ɗauke da tan 30 har ya yi zafi ya daina kamawa. Gangara irin ta Hawan Kibo, a hanyar Jos zuwa Akwanga, ba ta yafe wannan. Giyar da za ta hau da kai tudu, da ita ake sauka.

Sai batun giɓin kaya. Ka sa hannu a takarda cewa an loda buhu 300 na masara a Giwa ko Saminaka, aka sauke 296, kuɗin huɗun naka ne, ko da 'yan dako ne suka yi kuskuren ƙirga. Ka tsaya a bakin mota ka ƙirga da kanka, kar ka bar wa yaro, kuma ka duba tamfol kafin damina ta jiƙa maka taki ko siminti. Ba mu ga ɗan kamashon da ke zaunar da sabon direba ya yi masa wannan bayani ba sai an tambaye shi. To ka tambaya, a gabansa da gaban mai motar, ka kuma sa a rubuta ko da a takardar littafin makaranta ce, da shaidu biyu.

Masu tsaya maka su ma a yi musu adalci. Kamfanoni kan nemi mutum biyu masu adireshi da aikin da aka sani, da hotunansu, wani lokaci har a je a ga gidan. Fom ɗin yana cewa idan mota ko kaya suka salwanta ta hanyar sakacinka, su za a kama. Wasu 'yan kamasho na tayin kawo maka masu tsayawa na haya. Kar ka karɓa; idan kamfani ya bincika ya gano, sunanka ya ɓaci a garejin gaba ma. Kawunka ko mai unguwarku da ya karanta fom ɗin ya fahimta ya fi.

Akwai kuma inda hannun ɗan kamasho ba ya kaiwa. Tankar mai tana da ƙofarta ta daban, ta reshen direbobin tanka na PTD a ƙarƙashin NUPENG, ƙungiyar ma'aikatan man fetur da gas, da binciken da ake yi wa mota kafin a yi mata lodi a daffo, kuma tun 1 ga Maris 2025 aka hana tanka mai lita 60,000 ɗaukar mai. Ruwa na kai-komo a cikin tanki yana tura mota a kwana, ba aikin shekarar farko ba ne, duk wanda ya yi maka alkawarinsa yana sayar maka da abin da ba shi da shi. Manyan kamfanoni kuma, waɗanda dokar FRSC ta wajabta wa rajista da zarar motocinsu sun kai biyar, suna da na'urar taƙaita gudu da aka fara tilastawa a Fabrairun 2017, da na'urar bin sawun mota, kuma mafi yawansu na neman shekarun gogewa. Iyakar gudun tirela a babbar hanya mai tagwaye kilomita 60 ne a awa, a cikin gari 45, kuma sukan yi wannan tambayar a gwajin baki.

Ga wanda lasinsa sabo ne, inda masu haɗin Zariya suka fi ƙarfi shi ne masu mota ɗaya zuwa uku, da tifofin yashi, da motocin hatsi masu zirga-zirga tsakanin kasuwannin Giwa, Anchau, Funtuwa da Dawanau. Lokacin zuwa wajensu shi ne farkon kaka, daga Oktoba, sa'ad da masara ta fito, motoci ba sa kwana a gareji, kowane direba na neman wanda zai karɓe shi da dare. Ka je da lasin na asali da kwafi biyu, da takardar lafiya, da katin NIN, da hotuna huɗu, da kayan da ba ka jin tsoron su sha baƙin mai.