Ƙidaya a zuci ko raka ƙwallo da ido: wanne ke maganin gaggawar alƙalin besbol?

Ɗan'uwa, ka ce kana alƙalancin besbol na yara a Amurka, kuma bakinka na riga idonka: sai ka ce "sitirak", wato jifar ta bi inda ya dace a gaban mai bugu, tun ƙwallo na hanya, ita kuwa ta karkace ta faɗi ƙasa. Wasu sun ce ka riƙa ƙidaya, wasu sun ce ka bi ta da ido. Ga yadda nake ganin su biyun.

Ƙidaya ba ta da wuyar koyo. Da ka ji ƙarar ƙwallo a safar mai cafkewa, wato ɗan wasan da ke tsugunne bayan mai bugu, ka ce "ɗaya" a ranka, sannan ka yi magana. Tana taimakon sabon shiga, ban musa ba. Illarta ita ce zuciyarka ta riga ta yanke hukunci tun da wuri, baki kaɗai ka ɗaure. Kuskuren yana nan daram, jinkirta shi kawai ka yi.

Raka ƙwallo da ido kuwa daga tushe take gyara. A wasan manya tazarar mai jifa da farantin gida, wato alamar da ke ƙasa inda mai bugu ke tsayawa, ƙafa 60 ce da inci 6, jifa mai gudun mil 95 a sa'a ba ta cika rabin daƙiƙa ba ta iso. A Little League, gasar yara, ƙafa 46 ce kacal. Shi ya sa ido ke son yin hasashe, ya saki ƙwallo 'yan ƙafafu kafin farantin, daidai inda jifa mai lanƙwasa ke yaudarar mutum. Sai ka tsugunna a tsakanin mai bugu da mai cafkewa, haɓarka kada ta yi ƙasa da saman kan mai cafkewa, ka kafe kanka kada ya motsa, ƙwayar ido kaɗai ke tafiya har ƙwallo ta shige safa. Bayan nan ne za ka yanke hukunci, kuma jinkirin da kake nema zai zo da kansa. Sai dai ka kula, masu cafkewa suna jan safa zuwa saitin faranti don su yaudare ka. Inda ƙwallo ta ratsa farantin mai faɗin inci 17 shi ne abin dubawa.

Ni ta biyun zan ba ka, ko da za ta ci maka makonni. Ka nemi izini ka tsaya bayan mai cafkewa ranar atisaye, sanye da kayan kariyarka, ka kalli jifa 30 ba ka ce uffan ba, kana ƙoƙarin ganin jan ɗinkin ƙwallon lokacin da safa ke rufewa.