Wasiƙa Daga Ingila: Yawon Ganin Furen Ɗigon Ƙanƙara

Yaya, bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da su Hajiya, ka nemi in riƙa ba ka labarin yadda kaya da hidimomi suke a ƙasar nan. A wannan karon zan yi maka bayani a kan wata al'ada ta mutanen Ingila, wato fita yawo a tsakiyar hunturu domin kallon wani ɗan farin fure, furen ɗigon ƙanƙara, wanda masana tsirrai ke kira Galanthus. Tushensa kamar ƙaramar albasa yake, kuma yana hudowa ne daga watan Janairu zuwa farkon Maris, lokacin da itatuwa suka zubar da ganye kuma sauran furanni ba su leƙo ba.

Lambun da na ziyarta shi ne Anglesey Abbey, a ƙauyen Lode kusa da birnin Kambirij. Wani attajiri, Lord Fairhaven, ya sayi gidan a 1926, kuma da ya rasu a 1966 ya bar shi ga ƙungiyar National Trust, wadda aka kafa tun 1895 domin adana tsofaffin gidaje da filaye. Akwai ɗaruruwan ire-iren furen nan a wurin, sun rufe gindin itatuwa fari fat, kowanne ya sunkuyar da kai, kuma na ga tsofaffi suna durƙusawa a cikin sanyi domin su duba ɗigon kore da ke cikin furen, tunda da shi ake bambance wani iri daga wani. Gaskiya abin ya shiga raina.

Kuɗin shiga ba shi da araha idan aka juya shi zuwa naira, sai dai mai kuɗin yana ganin abin da ya biya. An gyara hanyoyin tafiya, an kafa alamun da ke nuna hanya, bandakuna suna da tsabta da ruwan ɗumi, kuma ana ba wanda ba ya iya doguwar tafiya aron keken guragu. Wanda ya yi rajistar shekara da ƙungiyar yana shiga wurarenta ba tare da sake biya ba. Abin da ya fi burge ni shi ne, da yawa daga masu yi wa baƙi jagora 'yan sa-kai ne, dattawan da suka yi ritaya, waɗanda ba sa karɓar ko sisi. Ina ganin wuraren shaƙatawarmu na gida sun fi bukatar irin wannan kulawa ta yau da kullum fiye da sababbin gine-gine.

Kayan sanyi kuwa dole ne: babbar riga mai hana ruwa, da safar ulu, da takalmin roba saboda taɓo. Sababbi suna da tsada, don haka na sayi nawa a shagon kayan gwanjo na ƙungiyoyin agaji. A nan an rubuta farashi a jikin kaya, babu ciniki, ba kamar a Ƙofar Wambai ba inda mutum zai taya a rage masa.

A wajen shayi mun fi su nesa ba kusa ba. Kuɗin kofi ɗaya a ƙasar nan, ruwan zafi da ganyen shayi da ɗan madara, ya isa mutum ya karya kumallo da burodi da ƙwai a teburin mai shayi a Kano, har ya samu hira a kai. Haka kuma ba a saba tanadar wurin alwala da sallah a karkararsu ba, ga shi Azahar da La'asar suna kusa da juna a wannan lokaci, sai mutum ya fito da shirinsa.

Ana sayar da furen a ƙananan tukwane da ganyensa, na gama-gari a kan 'yan fam kaɗan, amma a 2022 an sayi tushe ɗaya na wani iri mai suna Golden Tears a kan fam 1,850 a eBay, wani shafin saye da sayarwa na intanet. Wata dokar ƙasar nan ta 1981 ta hana tumɓuke tsiron daji ba tare da izinin mai ƙasa ba. Kada ka sa rai in aiko maka da shi, domin tushen yana bukatar dogon sanyi kafin ya yi fure, kuma zafin Afrilu na Kano zai kashe shi. A gaida mini su Hajiya da yara.