Ƙarin tankin mai a Hilux: na ƙarƙashi ko na cikin bodi?

Wani ɗan uwa daga Gombe ya tambaya: Hilux ɗinsa mai shan gas ce, tankinta lita 80, yana yawan shiga ƙauyukan Dukku da Nafada, kuma ya gaji da sayen mai a hannun 'yan bumburutu. Shin ya sa ƙarin tanki a ƙarƙashi, wurin safaya taya, ko ya ɗora shi a cikin bodi man ya riƙa gangarowa da kansa?

Alhaji, mu fara da nauyi. Lita ɗaya ta gas tana kai kilo 0.84, don haka lita 100 kilo 84 ce, ban da ƙarfen tankin. Na ƙarƙashi yana zama can bayan tayoyin baya. Yana ƙasa-ƙasa, ba ya sa mota tangaɗi a kwana, amma yana danne sufirin, kuma shi ne farkon abin da zai daki ƙasa idan kana fita daga kwari. Safayar ma sai ta koma cikin bodi, ka ga filin da kake tattali ya ragu. Na cikin bodi kuwa, idan aka jingina shi da bayan kabin, nauyinsa yana tsakanin tayoyin gaba da na baya, dutse ba ya taɓa shi, idonka na kansa. Illarsa yana cin wurin kaya, yana shan rana, kuma ɓarawo na ganin murfinsa. A sa masa makulli.

Babban bambancin yana wurin yadda man zai shiga tankin asali. Na ƙarƙashi galibi sai da famfon lantarki mai 12V, na ƙaramin ƙarfi, wanda zai tura man ta tiyo zuwa wuyan tankin mota. Idan famfon yana ba da lita 2 a minti, lita 40 za ta ci minti 20. Ƙa'ida ɗaya ce: kada a kunna sai geji ya sauka ƙasa da rabi. Wanda ya kunna ya manta, tanki zai cika ya yi ta amai ta bututun numfashi, direba bai sani ba yana ta shan gudu. Maganinsa makunni mai fitila a gaban direba, a haɗa wayar ta hanyar makullin mota yadda famfo zai mutu idan an kashe inji, da fiyus daidai da abin da aka rubuta a jikin famfon.

Gangarowa da kai ta fi arha, ba waya ba famfo. Sai dai duk amincinta ya rataya a kan bawul guda da ke tsayar da mai idan tankin ƙasa ya cika. Ƙwayar yashi ta maƙale a ciki, ka ajiye mota da daddare, da safe ka tarar da gas ya kwanta a tsakar gida. Haka in tiyon ƙasa ya tsage: sai tankin ya tsiyaye kakaf. A motar fetur ma kada a soma.

Shi ya sa na fi son haɗa biyun: tanki a bodi, amma famfo ya zuƙo man ta sama, babu huji ko ɗaya a gindinsa sai na wanki mai toshi.

Wajen ƙira, faɗa wa mai walda waɗannan. Tsawo santimita 100, faɗi 40, tsayi 25 shi ne lita 100 cif, amma kada a cika shi har baki. A bar kamar kashi 5 cikin 100, domin zafin Maris da Afrilu yana sa mai ya kumbura. Ƙarfen ya kai kauri milimita 2, kuma ban da ƙarfe mai rufin zinki, gas yana cin zinkin ya tura shi cikin nozil, wato bakin da ke fesa mai cikin inji. A sa katanga biyu a ciki masu huji a ƙasa, in ba haka ba man zai riƙa dukan bango a gargada har walda ta buɗe. A gwada da iska kaɗan da ruwan sabulu kafin a zuba mai, don tankin da ya taɓa shan mai ba a kai masa wuta haka kawai. A ɗaure da ɗamarar ƙarfe da roba a tsakani, notuna su ratsa bodi da faranti a ƙasa. In na ƙarƙashi ne, a bi hujin da ke jikin shasi, kada a yi masa walda, a kuma sa garkuwa tsakaninsa da salansa.

Abin da aka fi rainawa shi ne bututun numfashi da filta. A ja bututun sama, inda ruwan damina ba zai kai ba, a sa masa ƙaramar filta saboda ƙurar hunturu. Tsakanin tankunan biyu kuma a sa filta mai raba ruwa da mai, musamman in injin gas na Toyota da ake kira D-4D ne, wanda ɗigon ruwa ke iya lalata masa nozil. Tiyo ya zama na mai, ba na ruwa ba, da kilif a kowane baki.

Idan kuma sau biyu ko uku kake shiga daji a shekara, jarkar ƙarfe biyu ta lita 20 a ɗaure da kyau ta ishe ka.