Ofishin dillancin gidaje a Sakkwato da lissafin masu gudun hayar Abuja

A 'yan shekarun nan wata sana'a ta ƙara ƙarfi a birnin Sakkwato, wato nema wa mutanen da ke barin Abuja da Legas gidan haya ko filin gini tun kafin su iso da kayansu. Dillanci daɗaɗɗen abu ne a garin nan, amma ofishin da zan yi bayani a kansa, wanda yake a saman wani bene ba nisa da titin Ahmadu Bello, ya fi mayar da hankali ga masu dawowa gida: ma'aikatan gwamnatin tarayya da suka nemi a sauya musu wurin aiki, da 'yan fansho, da 'yan kasuwar da suka maido iyalansu gida su kuma suka ci gaba da kai da komo. Ta hannun wannan ofishi na sami gidan da muke ciki bayan mun bar Kubwa, don haka yabon da zan yi da ƙorafin da zan yi duk na abin da na gani ne.

Dalilan da suke koro mutane ba ɓoyayyu ba ne. A Abuja ana biyan hayar shekara guda a dunƙule, wasu masu gidaje ma sai sun karɓi ta shekara biyu, sannan a ɗora la'adar dillali, wadda yawanci kashi goma cikin ɗari ce, da kuɗin lauya, da kuɗin ajiya saboda ɓarna, da kuɗin hidima na shekara idan gidan yana cikin rukunin gidaje masu maigadi. Da can mafitar ƙaramin ma'aikaci ita ce ya tare a Mararaba ko Masaka ko Suleja ya riƙa shiga gari kullum, amma tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya cinye abin da ake ragewa a haya. A watan Yuni na wannan shekarar aka saki darajar naira, siminti da rodi da fenti suka tashi, masu gidaje kuma suka juye nauyin a kan 'yan haya. Zuwa Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. A Legas akwai dokar haya ta 2011 da ta hana a karɓi fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya, amma ba ta ƙayyade nawa za a karɓa ba, kuma ba ta shafi Ikoyi da Apapa da wasu unguwannin masu hali ba.

Abin da ya fara burge ni game da ofishin shi ne ba a fara nuna wa baƙo hotunan gidaje ba. Dattijon da ke shugabantar wurin yakan ɗauko farar takarda ya raba ta biyu da biro, ya rubuta Abuja a sama ta dama, Sakkwato a hagu, sannan ya bi da mutum layi-layi: haya, ruwa, wuta, kuɗin makarantar yara, sufuri, cefane, zuwa asibiti, haraji. Da muka iso layin ƙarshe na ce masa ina sa ran samun sauƙi a nan ma, sai ya ajiye biron ya ce, "Yallaɓai, bar wannan gurbin yadda yake. Harajin albashi biyo ka zai yi har ƙofar gida." Yana da gaskiya, kuma wannan shi ne wurin da masu dawowa da yawa suke kuskuren lissafi, saboda suna jin labarin ƙasashen waje suna zaton haka abin yake a nan.

A Amurka kowace jiha tana da ikon yanka nata harajin kuɗin shiga. Kalifoniya tana karɓar har kashi 13.3 cikin ɗari daga masu babban samu, Teksas da Fulorida kuwa ba su karɓar ko sisi a matakin jiha, ga kuma gidaje da suka fi araha, shi ya sa wanda ya tattara ya bar Kalifoniya yake cin riba biyu.  A Nijeriya dokar tarayya ce ta tsara ma'aunin harajin albashi ga kowa da kowa. Abin da yake sauyawa idan mutum ya ƙaura shi ne hukumar da ake zuba wa kuɗin, domin ana biya ne ga jihar da mutum yake zaune. Harajin kayan masarufi ma, wanda aka ɗaga daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari a watan Fabrairu 2020, ɗaya ne a Wuse da Babbar Kasuwar Sakkwato.

Dattijon ya ƙara nuna mini wani abu da ban ji wani dillali ya taɓa ambata ba. Sabuwar dokar haraji da aka sanya wa hannu a watan Yuni 2025, ta fara aiki a Janairu 2026, ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na abin da mutum yake samu a shekara, ta kuma ba ɗan haya rangwame na kashi 20 cikin ɗari na hayar da yake biya, iyakarsa naira 500,000, wanda ake cirewa daga samunsa kafin a yanka masa haraji. Ke nan wanda yake biyan naira miliyan 2.5 a Abuja yana cin cikakken rangwamen. Idan, alal misali, ya dawo gidan naira 600,000, rangwamensa zai sauko zuwa 120,000, kuma idan samunsa yana matakin kashi 18 cikin ɗari, harajinsa zai ƙaru da kimanin naira 68,000 a shekara. Wannan ƙaramin abu ne idan aka auna shi da naira miliyan 1.9 da ya rage a haya, amma ya isa ya nuna cewa ribar ƙaura a kuɗin gida take, kuma wanda ya koma gidan gado ba shi da wannan rangwame ko kaɗan. Inda ake samun bambanci na gaske shi ne harajin da ya shafi fili da gini, kamar kuɗin amfani da ƙasa da Legas take karɓa kowace shekara, da harajin fili na Abuja, wanda saboda rashin biyansa na sama da shekara goma Ministan Abuja Nyesom Wike ya soke takardun filaye 4,794 a watan Maris 2025. Mai gida ko mai shago zai ji wannan a jikinsa, ɗan haya mai albashi kuwa sai dai ta abin da mai gida ya ɗora masa.

Wajen duba gidaje ne aikinsu ya fi nuna ƙwarewa. Yaron da aka haɗa ni da shi ba ya yarda a je duba gida da safe ko bayan la'asar. Da azahar yake kai mutum, lokacin da rana take tsaka, domin a garin da zafi yake wuce digiri 40 a watannin Maris da Afrilu da Mayu, gidan da ya yi kyau da hantsi yana iya zama tanda da rana. A wani gida mai ɗaki uku da falo a shiyyar Arkilla, ya sa na dafa bangon yamma da tafin hannu, ya nuna mini cewa silin ɗin ya yi ƙasa kuma tagogin duk gefe ɗaya suke kallo, sannan ya buɗe famfon banɗaki ya bar shi, babu abin da ya fito sai huci. Daga nan ya fita ƙofar gida ya tsayar da wani ɗan ga-ruwa da ke tura kura, ya tambaye shi gida nawa yake kai wa ruwa a layin kuma sau nawa a rana. Amsar da muka samu ta sa muka rubuta kuɗin jarkoki a kan takardar lissafi, sai arahar gidan ta ragu sosai. A wani gidan kuma, a wani sashe na Mabera mai kwari, ya duƙa ya kankare sabon fenti da mabuɗin mashin ɗinsa a gindin katanga, sai ga shatar ruwan damina ta bayyana kusan tsawon kamu ɗaya daga ƙasa. Mai gidan bai ji daɗi ba, amma yaron bai fasa ba.

Haka suke bin maganar wuta. Sukan tambaya ko gidan yana da mita ko lissafin ƙiyasi ake kawowa, da kuma ko tsohon ɗan haya ya bar bashi, tun da kamfanin rarraba wuta na Kaduna, wanda Sakkwato take ƙarƙashinsa, gida yake bi bashi ba mutum ba. Sukan kuma bincika layin da gidan yake kai, domin tun watan Afrilu 2024, lokacin da aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato layukan da suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kan kowane ma'auni, samun wuta mai yawa ya zama abin da sai an auna aljihu. Shawararsu ga kowa ita ce a ware kuɗin sola tun daga farko, ko da na fanka da firji ne kawai, kuma na ga amfanin wannan shawara.

Ba su ɓoye cewa Sakkwato ma hayarta tana hawa. Rashin tsaro a gabashin jihar, a Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, ya koro iyalai masu yawa zuwa cikin birni, kuma masu hali daga cikinsu suna neman irin gidajen da masu dawowa daga Abuja suke nema. Ga ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ma'aikatan asibitin koyarwa, waɗanda suka sa gidajen Gawon Nama da Runjin Sambo da kewayensu ba sa daɗewa babu kowa. Wanda ya bar garin shekara goma da suka wuce, yana riƙe da farashin wancan lokaci a ransa, zai sha mamaki.

Ƙorafina na farko a kan la'ada ne. Duk tsabtar lissafin da suke yi wa mutum, kuɗinsu ba ya cikin takardar. An gaya mini kashi goma da baki, amma ranar biya sai ga kuɗin duba gidaje, da kason wani dillalin unguwa da aka ce shi ya fara kawo labarin gidan, wanda ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma ofishin da yake koya wa mutane rubuta komai bai kamata ya bar nasa hakkin a baki ba. Na biyu, ba su iya kare baƙonsu daga mai gida. Da wani mai gida ya ga lambar Abuja a jikin motata, nan take kuɗin da aka faɗa mini ta waya ya ƙaru, yaron kuma ya yi shiru, wataƙila saboda la'adarsa tana ƙaruwa da ƙaruwar hayar. Takardar yarjejeniya ma ta ɗauki makonni bayan mun tare kafin ta fito, kuma sai da na matsa aka saka sharaɗin cewa ba za a ƙara haya ba sai da sanarwa a rubuce.

Sashen sayar da filaye shi ne mafi rauni, kuma a nan nake ba da shawarar a yi taka-tsantsan. Tun da aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry a watan Oktoba 2024, kowane fili da ke bayan gari ya zama, a bakin dillalai, fili na kusa da sabuwar hanya, kuma yaran wannan ofishi ba su tsira daga wannan ba. Sun nuna mini wani fuloti da ba shi da komai sai takardar cinikayya da sa hannun mai unguwa da shaidu, suka ce haka kowa yake saye. Gaskiya ne haka mutane da yawa suke saye, amma dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, kuma sayen da ba a bincika a ma'aikatar filaye ba, ba a kuma nemi amincewar gwamna ba, yana iya jefa mutum cikin shari'ar gado ko rusau. Dattijon ya san wannan sarai, domin da na tayar da maganar ya goyi bayana, amma yaransa da suke fita da mutane sun fi son ciniki ya faɗa da wuri.

Game da kwashe kaya, suna haɗa mutum da direban babbar mota ne kawai, ba su ɗauki alhakin abin da ya fashe ba. Abin da suka yi mai amfani shi ne nacewa a kan kada motar ta bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau da dare. Kayanmu sun iso, ban da madubin sif da ya tsage.

Ga ma'aikaci ko ɗan fansho da yake neman gidan haya, wanda samunsa ba zai ragu ba saboda ya bar Abuja, aikin wannan ofishi ya cancanci la'adarsa, musamman idan ya daɗe rabonsa da garin kuma ba shi da ɗan'uwan da zai zaga masa. Ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu da masu sayensa suke can ya sani cewa takardar dattijon tana lissafa abin da zai kashe ne, ba ta da gurbin abin da zai rasa na ciniki, wannan kuwa shi zai lissafa wa kansa. Mai neman fili ya tafi da lauyansa. Kowa kuma ya nemi a rubuta masa la'ada da duk wani kaso a ƙasan takardar, da sa hannun shugaban ofishin, kafin ya bi yaron zuwa gida na farko.