Insol na kanti ko wanda ake gwada ƙafa a yi maka: amsa ga mai tambayar but ɗin sunobod

Salam ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce ka sayi sabon but, wato takalmin hawa sunobod, allon nan da ake sulu da shi kan dusar ƙanƙara, in ka ɗan jima kana sulu sai tsakiyar tafin ƙafarka ya kama zugi, diddige kuma yana ɗagawa duk sanda ka karkata ta gefen yatsu, shi ne kake neman shawara ko ka sayi insol, wato shimfiɗar cikin takalmi, na kanti ko ka je a gwada ƙafarka a yi maka naka.

Kafin mu je can, zaro shimfiɗar da ta zo da but ɗin ka riƙe ta a hannu. Yawanci soso ne siriri a baje, kana iya ninke shi biyu da yatsa biyu, ba shi da wani tudu na kirki a tsakiya ba shi da kwarmin da diddige zai zauna. To ƙafa kuwa ƙasusuwa 26 gare ta da gaɓoɓi 33, in ka ɗora mata nauyi babu abin da ya tokare bakan tafinta sai ta baje ta ƙara tsawo, yatsu su je suna zungurar gaban but, kai kuma ba ka sani ba sai ka dinga damƙe su kamar za ka kama ƙasa, wannan damƙar ce take kawo zugin nan da ka ce. Daga nan mutum sai ya ƙara ɗaure igiya ko ya ƙara murɗa BOA, ɗan maɓallin nan da ke ɗame igiyar but, jini ya daina zagayawa, ƙafa ta yi sanyi ta sage. Saboda haka canja shimfiɗar kam babu ja, sai dai wacce.

Amma fa tsaya, saiz ɗin but ɗinka daidai ne? Domin ɗagawar diddige sau da yawa ba laifin insol ba ne, but ɗin ne ya yi yawa. Jingina diddige da bango ka auna zuwa ƙarshen yatsan da ya fi tsawo da santimita, ƙafa biyun duka, ka kwatanta da lambar mondo, wato saiz da santimita, da ke jikin but ɗin. In ƙafarka 26 ce but ɗin kuma 27.5 ne, wallahi ko insol na zinare ka sa ba zai riƙe diddigen ba, kuma laina, wato takalmin soso mai laushi da ke cikin but ɗin, yana ƙara sakewa in an yi ta sawa, matsalar ƙaruwa za ta yi.

To mu ɗauka saiz ya yi. Na kanti kamar rigar kanti ne, ɗayan kuma ɗinkin tela, kuma kowa ya san akwai rigar kantin da za ta zauna maka cif akwai kuma telan da zai ɓata maka yadi. Na kanti akwai Superfeet, su an san su da kwarmin diddige mai zurfi da roba mai tauri a ƙarƙashi, akwai Sidas na Faransa da suke da 3Feet wanda ya kasu uku gwargwadon tsayin bakan ƙafa, ƙasa, tsakiya, sama, sai irin su Remind da Footprint da suka fito daga wajen 'yan sket da sunobod, su sun fi ba da ƙarfi wajen shanye dukan dira. Abin da za ka duba ba sunan kamfani ba ne, tsayin tudun ne. Jiƙa ƙafarka ka taka kwali, in sawun ya fito gaba ɗaya a cike ƙafarka shimfiɗaɗɗiya ce, in tsakiyar ta kusa yankewa sai ɗan siririn layi a gefe to bakanka mai tsayi ne. Sannan ka aje insol ɗin a ƙasa ka taka shi, ka ɗan durƙusa kamar kana kan allo. Tudun ya kamata ka ji shi ya cike gurbin ne kawai, in ka ji kamar ka taka dutse a wuri guda, ko tudun ya yi gaba ko baya da inda bakanka yake, aje shi, ba naka ba ne, kar wani ya ce maka zai saba.

Akwai kuma na tsaka-tsaki irin na Sole da wasu na Footprint da ake ɗumamawa a obin a gida a taka su ɗauki siffar ƙafa. Ba laifi, sai dai ka bi abin da aka rubuta a kwalin, kuma ka sani in ka taka shi da ƙafa a baje to siffar bajewar zai ɗauka.

Wanda ake yi maka kuwa, mai gyaran but ne zai ɗora ƙafarka kan wani matashi na musamman ya ɗauki sawunta, wasu a tsaye suke ɗauka da nauyinka duka, wasu a zaune ya riƙe idon sawun a miƙe, sai ya gasa insol ɗin ya kwantar da shi kan sawun, ya cike ƙasansa ya goge da inji har ya zauna daram a cikin laina ba ya rawa. Amfaninsa babba shi ne kowace ƙafa da nata, domin mutane da yawa hagu da dama ba ɗaya suke ba. Ya fi na kanti tsada nesa ba kusa ba, yana kuma daɗewa, kana iya cire shi ka mai da sabon but. Sai dai ingancinsa yana hannun wanda ya yi shi ne. Kuma ka gaya masa tun farko na sunobod kake so, don da yawansu sun fi sabawa da takalmin ski (sulu kan siraran alluna biyu) mai ƙwarya ta roba mai tauri inda ƙafa kusan ba ta motsi, mu kuwa but ɗinmu lanƙwasuwa yake, idon sawu yana aiki gaba da baya, in aka yi maka mai tauri kamar katako ka yi tsalle ka dira za ka ji shi har gwiwa.

Wani abu da mutane ke mantawa a duka biyun shi ne kauri. Insol mai kauri yana ɗaga ƙafa sama ta matse da harshen but, daidai inda maɗaurin idon sawu na bayindin, wato abin da ke ɗaure but a jikin allo, yake dannawa, in bayan ƙafarka mai tudu ne sai ka warke daga zugi ka koma sagewar yatsu. Kar ka ɗora sabo kan tsoho, cire tsohon, ka ɗora shi kan sabon ka zana da biro ka yanke gaban da almakashi kaɗan kaɗan. In kuma za a gasa maka laina ya ɗauki siffar ƙafa, ka fara zaɓen insol ɗin da za ka zauna da shi tukuna, domin shi ke yanke inda ƙafar za ta tsaya a ciki.

Ni dai a ganina, yadda ka kwatanta matsalarka, fara da na kanti wanda ya dace da bakanka, ka ba shi 'yan kwanaki, ka ɗan sassauta ɗaurin ƙasa ka bar na sama da ƙarfi. Mafi yawan masu ƙafa lafiyayya nan suke tsayawa. In zugin bai tafi ba, ko ƙafa ɗaya ce kawai take ciwo, ko kusan kullum kana kan ƙanƙara duk tsawon lokacin sanyi, to je a yi maka naka, ka tafi da but ɗin da safar da kake sulu da ita. In kuma diddige yana maka ciwo da sassafe takun farko da ka sauko daga gado, ko kana da tsohon targaɗe ko karaya a ƙafar, wannan likitan ƙafa za ka fara gani kafin mai gyaran but.