Digirin Jamusanci ko kwas ɗin harshe: amsa ga ƙanenmu mai shirin cike JAMB

Ƙanena, ka ce burinka ka je Jamus ka yi aiki, kuma kana tambaya ko ka nemi digirin Jamusanci a jami'a ko kuwa ka shiga kwas a cibiyar Goethe, wato cibiyar Jamus mai koyar da harshen Jamusanci. Hanyoyin nan biyu ba wuri ɗaya suke kai mutum ba, shi ya sa nake so ka san abin da ke cikin kowace kafin ka cike fom.

Digirin shekara huɗu ne, kuma ana yin sa a Jami'ar Ibadan da Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife da Jami'ar Najeriya ta Nsukka. Da farko harshen kansa za ka sha: sunaye masu jinsi uku, alhali mu a Hausa biyu muka sani, da kalmomin da ke sauya kama gwargwadon aikinsu a jimla, da aikatau da kan koma can ƙarshe, sai ka haƙura mai magana ya kai aya kafin ka san ko ya saya ne ko ya sayar. Amma wannan share fage ne kawai. Abin da ake ba ka digiri a kansa shi ne adabi da kimiyyar harshe da tarihi da fassara. Za ka zauna da wasan kwaikwayon Faust na Goethe, marubucin Jamus da cibiyar ta ci sunansa, wanda kashinsa na farko ya fito a 1808, ka yi ta bin baiti ɗaya da ƙamus a hannu, sannan ka rubuta sharhi. In kuma a Jamus ɗin kanta za ka karanta fannin, zangon karatu shida ne, wato shekara uku, amma ba za su koya maka harshen ba; da shi za ka shigo, ka ci jarrabawar harshe ta shiga jami'a, wato TestDaF ko DSH, tukuna, har a haɗa ka da tsohon Jamusanci na wajen 1050 zuwa 1350 wanda su kansu Jamusawa sai sun koya.

Kwas ba ruwansa da wannan duka. Matakai shida ne, daga na farko A1, sai A2, B1, B2, C1, har na ƙoli C2, ana koya maka ji da magana da karatu da rubutu, ka yi jarrabawa a ba ka takarda. Cibiyar Goethe tana Legas tun 1962. A lissafinsu, kaiwa B2 na cin darussa 600 zuwa 800 masu minti 45 kowanne, wato mai naci zai iya kaiwa cikin shekara ɗaya zuwa biyu yana ci gaba da wani karatun.

Ga inda mutane da yawa ke tuntuɓe. Ofishin jakadanci da masu ɗaukar aiki takardar matakin harshe suke tambaya, irin ta Goethe ko ta wasu hukumomin jarrabawar harshe kamar telc da ÖSD. Wadda za ta bi mijinta Jamus galibi A1 ake nema a wurinta, mai zuwa koyon sana'a B1, ma'aikacin jinya B2. Sau da yawa mai digirin Jamusanci ma sai ya koma ya zauna wannan jarrabawar. Kuma ka tuna, a Jamus kowa na jin Jamusanci, har yaron da ke wasa a bakin titi. Abin da suke ƙarancinsa shi ne ma'aikatan jinya da masu gyaran lantarki da injiniyoyi da masana kwamfuta. Saboda haka tunda aiki ka ce kana so, shawarata ka karanci ɗaya daga cikin waɗannan a jami'a ko kwalejin fasaha, ka riƙa yin kwas a gefe.

Kada ka ɗauka raina digirin nake yi, wallahi ina ganin girmansa. Shi ke fitar da malamai da tafintoci da 'yan jarida da masu bincike, kuma hukumar DAAD, mai kula da musayar ɗalibai tsakanin Jamus da sauran ƙasashe, na ba irin waɗannan ɗalibai tallafin ƙaro karatu. Mu Hausawa ma muna da buƙatarsu fiye da yadda muke zato. Bajamushe mai yawon bincike Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851 ya rubuta abin da ya gani na kasuwa da rini da fatauci. Wani Bajamushen, Adam Mischlich, ya wallafa ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906, ya kuma yi aiki da Imam Umaru, malami Bahaushe da ya zauna a garin Kete-Krachi da ke Ghana ta yau, wajen tattara rubuce-rubucen tarihin ƙasar Hausa. Har gobe ana nazarin Hausa a Jami'ar Hamburg, ga kuma sashen Hausa na DW da ke watsa shirye-shirye tun 1963. Akwai rubutu mai yawa a kanmu da ke kwance cikin Jamusanci, kuma 'ya'yanmu da za su iya karanta shi su tantance shi ba su da yawa. Mai B1 ba zai iya wannan aikin ba, sai wanda ya yi shekaru yana gogayya da harshen.

Kafin ka yanke shawara, ka yi A1 a wannan hutun, ko da ta darussan kyauta na DW ne a wayarka. In ka ga nahawun na jan hankalinka har kana neman ƙari, ka sa Jamusanci a fom ɗinka da zuciya ɗaya. In kuwa daurewa kawai kake yi don biza, ka zaɓi sana'arka ka bi ta kwas. Allah ya yi maka zaɓi mafi alheri.