Humrata ta kusa hana ni cin sushi a Ginza

Wata biyu kafin mu tashi zuwa Tokyo maigida ya sa ma'aikatan otal suka kama mana wuri, domin da yawa daga manyan gidajen sushi (ɗanyen kifi a kan dunƙulen shinkafa) na unguwar Ginza ba sa karɓar baƙo sai ta hannun otal. Kujeru takwas ne kacal, a hawa na uku na wani siririn bene da ko allon suna na kirki babu. Yen 38,500, kuɗin Japan, kowane mutum, kuma in ba ka zo ba kuɗinka sun tafi. Duk wannan an gaya mini. Abin da Alhaji bai karanta mini ba shi ne layin ƙarshe na saƙon, inda suka ce kada a zo da turare.

To ni da ko ƙofar gida ba na leƙawa sai na turara kayana! Lesin da na sa tun a Kano ya sha turaren wuta, ya kwana huɗu a akwati, ga humra na shafa har bayan kunne. Muna shiga matar da ke tarbar baƙi ta rusuna, ta sake rusunawa, sai ta ja Alhaji gefe tana magana ƙasa-ƙasa. Can sai ga ta da tawul mai zafi a faranti, wai don Allah in goge wuyana da hannuwana, mayafin kuma in ba ta ta ajiye. Mutum shida na zaune, babu wanda ya waiwayo, amma na san kowa ya ji. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce wa Alhaji mu tafi kawai. Ya ce, "Haba Hajiya, yi haƙuri, kin san nawa muka biya?" Daga ƙarshe can bakin ƙofa aka zaunar da ni, da kujerar Alhaji tsakanina da sauran jama'a, kamar mai mura.

Da wannan fushin na fara cin abincin, na kuwa shirya kushe shi. Bai ba ni dama ba.

Ba a zaɓen komai a nan. Omakase suke kira, wato ka bar wa mai gidan abincin zaɓi, abin da ya samo a kasuwar Toyosu da asuba shi za ka ci. Yana tsaye gabanka, ya yanka, ya dunƙula shinkafa, ya ajiye maka loma guda, kai kuma ka ɗauka nan take kafin ta huce. Da hannu ake ci in ka so, abin da ya yi mini daɗi, don ni da tsinkayen cin abincin nan nasu ba ma shiri. Shinkafar ce ta fara ba ni mamaki: ɗumi-ɗumi, ga ɗan tsami, ba ta cuɗe ba, tana shiga baki sai ta watse. Sai tumbin kifin tuna mai kitse, otoro, wanda ya narke kamar man shanu a kan tuwo mai zafi. Ni da nake cewa ɗanyen kifi sai kyanwa, ban ji ƙarni ko kaɗan ba. Yajinsu ma, wasabi, a gabanmu ya goga saiwar a kan fatar kifin shak. Ba ya kama harshe kamar barkono, hanci yake hawa ya sauka.

Mun aika tun da wuri cewa ba ma cin abin da aka sa wa giya, domin ruwan waken suya da suke shafa wa kifin da giyar shinkafarsu, mirin ko sake, ake dafa shi. Mai gidan bai manta ba. Namu gishiri ya riƙa barbaɗawa da ɗigon lemon tsaminsu, sudachi. A nan kam na yaba masa. Uni ne kawai ya gagare ni, wancan abin ruwan lemo mai laushi da ake cirowa daga cikin ƙayar teku. Da ƙyar na haɗiye, na bi da citta.

Wajen loma ta biyar na kai hannu baki sai na ji humrata ta riga kifin isa hancina. Nan na gane dalilinsu. Ɗanɗanon abin nasu siriri ne, ƙamshi kaɗan ya danne shi, kuma waɗanda ke gefena su ma kuɗi suka biya. Har na fara hucewa.

Sai dai kuma abin ya dawo mini sabo. Mai gidan yana ta hira da dariya da sauran, mu kuwa sai ya faɗi sunan kifi ya wuce. A ce yare ne, to, amma ko murmushi? Sannan dokar da za ta sa a tuɓe wa matar aure mayafi gaban maza, ai a saman saƙo ya kamata a rubuta ta, ba a ƙasa da ƙananan haruffa ba. Da gyale ƙarami na ƙare zaman, ina ta jan shi. Awa ɗaya da rabi na cika aka kawo koren shayi, aka fara share katakon don masu zuwa zagaye na biyu. Loma goma sha biyar da 'yar miya, a wannan kuɗin, Alhaji sai da ya tsaya kantin kwana ya sayi burodi.

Abincin taurari biyar ne, ba zan yi ƙarya ba. Amma gidan, uku zan ba su. Da muka zo fita matar ta miƙo mini mayafina da hannu biyu tana rusunawa, a naɗe tsaf, cikin leda biyu, an ɗaure bakin kowacce.